Ƙorafi Kan Rufin da Ke Ƙwanƙwasa wa Mahaifiyata

Zuwa ga: Babban Jami'in Duba Gine-gine, Hukumar Garin Vesna Lake, Lardin Saskatchewan
Daga: Halyna Dutchak, Lamba 14, Titin Coci
Kwanan wata: 16 ga Disamba, 2024
Game da: Sabon rufin gidanmu da ya ƙi kwanciya, da hatsarin da ya jawo

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafi a madadin mahaifiyata, Uwargida Stefania Dutchak, mai shekara tamanin da huɗu, wadda nake zaune da ita tun rasuwar mahaifina.

1. A ranar 12 ga Nuwamba, Mista Duane Kozak, mai sana'ar rufi, ya sauya mana rufin gida da fallayen kwalta. Ya bar ɗaurin fallayen sun kwana a kan ƙoƙuwar rufin cikin sanyi, suka lanƙwashe, suka sandare. Haka ya buga su.

2. Ofishinka ya fi ni sanin cewa danƙon da ke ƙarƙashin kowane falle ba ya kamawa sai zafin rana ya narkar da shi, kuma wanda ya yi rufi a hunturu wajibi ne ya bi fallayen ɗaya bayan ɗaya ya liƙe da hannu. Mista Kozak bai yi ba. Da na yi masa magana, dariya ya yi, ya ce in bar wa rana aikinta, kafin Mayu rufin zai kwanta kamar an goge shi. Gefen da ya fi lalacewa arewa yake kallo. Rana ba ta taɓa shi sai Afrilu.

3. A ranar 20 ga Nuwamba jami'inku ya zo dubawa. Daga titi ya tsaya ya ɗaga kai, bai nemi tsani ba, ya amince da aikin.

4. Tun daga nan, duk sanda iska ta taso, fallayen da ke saman kicin suna ɗagawa su koma su bugi rufin da ƙara. Ba ɗiga ake yi ba tukuna, kuma ba ɗiga ce ta sa na rubuto ba. Marigayi mahaifina, Myron Dutchak, shi yake hawa rufin nan ya kwashe ƙanƙara duk bayan guguwa. Mahaifiyata ke riƙe masa gindin tsani in zai hau. In ya kusa gamawa sai ya buga ƙotar shebur a saman kicin, alamar ta ɗora shayi ta fito ta riƙe masa ya sauko. Haka suka yi fiye da shekara hamsin. Ya rasu shekara uku da suka wuce.

5. Tunanin mahaifiyata ya fara rauni. Da farko, in ta ji ƙarar, butar shayi kawai take ɗorawa, ta ajiye kofi biyu. Na bayyana mata cewa iska ce. Ta ce ita ta san bugun mijinta, wai wannan tsoho bai taɓa jin magana ba, yanzu ma ya hau ba hula.

6. A ranar 9 ga Disamba, da azahar, na dawo daga kanti na tarar da ita a bayan gida. Ta jawo tsohon tsanin ƙarfe daga rumfa ta jingina da bango, ta riƙe shi da hannu biyu ba safar hannu, da takalmin ɗaki a ƙafarta. Sanyi ya kai digiri ashirin da takwas ƙasa da sifili. Ta ƙi saki, domin a cewarta ba a sakin tsani da mutum a sama. Likita ya ce yatsunta biyu na hagu da sanyin ya yi wa lahani sai an jira a gani.

7. Na kulle tsanin. Jiya na same ta tana neman makullin. Na yi shekaru ina aikin jarida, ba na rubuta abin da ban tabbatar ba, saboda haka zan tsaya a kan wannan: ƙarar tana fitowa daga daidai inda mahaifina ya saba bugawa, kuma sau biyu ni ma na miƙe tsaye kafin in tuna.

Bisa ga haka, ina roƙo cikin ladabi:

(a) A sake duba rufin, wannan karon daga samansa.
(b) A umarci Mista Kozak ya liƙe fallayen da hannu, ya sauya waɗanda suka lanƙwashe, ba tare da jiran Mayu ba. Ban da tabbacin mahaifiyata za ta iya jiran Mayu a wannan hali.
(c) A sanar da ni ranar zuwan ma'aikata tun da wuri, domin in kai ta gidan ƙanwata. Idan tana nan za ta fito ta riƙe musu tsani, kuma ba na so ta tsaya a gindinsa ta ga wani ne daban ya sauko.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawa.

Taka mai biyayya,
Halyna Dutchak