Ya Ƙi Sa Jidda a Farko

Anti Ruƙayya,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da na yi ta zagaye, don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ƙawayena za su ce shagwaɓa ce, Ummata kuma hawan jini gare ta.

Ni haifaffiyar Makka ce. Kakanninmu daga Kano suka zo Hajji suka zauna. A unguwar Tandabawi na girma, yanzu ina aure a unguwar Shisha, duk nan cikin Makka, ko shekara biyu ba mu cika ba. Maigidana, bari in kira shi Rakan duk da ba sunansa ba ne, likita ne, irin masu sa mutum barci in za a yi masa tiyata. Kada ki ɗauka mugu na kawo miki ƙara. Bai taɓa ɗaga min murya ba. Ba shi dai da yawan magana, ni kuwa tun ina budurwa littattafan soyayya ne abokan hirata, a waya nake karanta su har miya ta kama a tukunya. Yakan tsokane ni ya ce kishiyoyinsa duk a cikin wayata suke.

Ya gama horonsa, yanzu yana neman ƙarin ƙwarewa, abin da suke kira zamala, a fannin maganin ciwo: masu ciwon baya da ya ƙi jin magani, masu ciwon jijiya, masu cutar daji. Asibitoci uku suka kira shi ganawa, ɗaya a Jidda nan kusa da mu, ɗaya a Riyad, ɗaya a Dammam can ƙarshen ƙasar ta gabas. Yadda abin yake, kowane likita zai jera asibitocin a intanet, daga wanda ya fi so zuwa na ƙarshe. Su ma asibitocin su jera likitocin da suke so, sai na'ura ta haɗa su. Inda ta ajiye ka nan za ka tafi, shekara biyu, babu na fasa.

Duk ranar ganawa ni nake goge masa kaya in turara su. Ranar ta Jidda har raka shi na yi. Ya ajiye ni wurin 'yar gwaggona da ke kusa da teku, ina tsaye a taga ina ta gina rayuwarmu a raina: ɗan ƙaramin gida, labule mai ruwan zuma, duk Juma'a mu kama hanya mu ci abincin rana wurin Umma. Ko ma mu yi zamanmu a Shisha, ya riƙa bin jirgin ƙasa da safe ya dawo da magariba. Sau ɗaya ya tambaye ni ina na fi so. Na ce duk inda ya zaɓa. Amma Anti, ina kallon cikin idonsa na faɗa, ina jira ya gane. Na ɗauka wanda yake sonka ba sai ka faɗa masa ba.

Wata Juma'a muna gidansu bayan an ci abinci, yayansa ya tambaye shi yadda ya jera. A gaban kowa ya ce Dammam ta farko, Riyad ta biyu, Jidda ta ƙarshe. Ina tsiyaya shayi a lokacin. Ƙanwarsa Dalal ta ɗago ta dube ni, ta gane ban sani ba. Na yi murmushi na ci gaba da miƙa kofuna, ban san yadda na kai ƙarshen falon ba.

A mota ya yi min bayani. Wai a Dammam suna yin allurar kashin baya da ta jijiyoyi kullum, ana kallon allurar a na'urar hoto tana shiga, kuma ɗalibi da hannunsa yake yi, babban likita na tsaye a kansa. A Jidda kuwa yawanci rubuta magani ne, mai yin allurar mutum ɗaya ne, ɗalibi kallo kawai yake yi. Ya ce in ya je can zai fito da takardar shaida da hannun da bai iya aiki ba. Na gane, wallahi na gane. Na ga yadda fuskarsa take haske in yana ba ni labarin tsohon da ya shigo a keken guragu ya fita yana takawa.

Amma Ummata fa? Babanmu ya rasu, ni kaɗai ce 'yarta mace. Gwiwoyinta sun gaji, ga ciwon suga. Ni nake kai ta asibiti, ni nake raka ta Harami, ni na san wane magani ne na safe. Yayana Nawaf yana unguwar Kudai, a kamfanin motocin alhazai yake aiki, in lokacin Hajji ko Ramadan ya zo ko inuwarsa ba a gani. Duk bayanin da Rakan ya yi a motar nan, ko sau ɗaya bai ambaci Umma ba.

Ga abin da ya ƙarasa ni. Shi da bakinsa ya taɓa gaya min gurbi ɗaya ne a Jidda, kuma kowa ya san ɗan gidan asibitin za su ba, wanda ya yi horo a wurinsu. Sai rannan muna cin abinci na ce to, tunda ba za su ɗauke ka ba, ka sa Jidda a farko. Na'ura za ta tsallake ta ba ka Dammam, ba ka rasa komai ba, ni kuma zan haɗa kayana in bi ka da zuciya ɗaya. So nake kawai in san cewa ranar da aka ce ka jera, inda nake ka fara rubutawa. Sai ya ce a'a. Ya ce ba wanda ya san abin da asibiti zai yi, in ɗan gidan nasu ya canza ra'ayi shi ke nan an ɗaure shi. Ya ce shi ba ya rubuta abin da ba ya nufi. A hankali ya faɗa, ba faɗa ba tsawa, ya ci gaba da cin abincinsa.

Abin da ba zai rage shi da komai ba, Anti, shi ma ya hana ni.

Washegari na ce gwiwar Umma ta tashi, na taho Tandabawi, har yau ina nan. Umma ba ta san komai ba. Yana zuwa ya gaishe ta, ya duba ƙafarta, ya tambaye ni yaushe zan dawo, bai taɓa tada maganar ba. In na buɗe littafi yanzu layi biyu nake yi in rufe, kuka yake sa ni. Ranar Alhamis mai zuwa za a rufe jerin, bayan nan ba a canzawa. In matsa masa? In yi shiru in bi shi da wannan abu a ƙirjina? Ko dai tun farko ni ce ban kai inda na zata na kai ba a wurinsa?

Taki,
Mai Kuka a Ɗakin Ummanta


Wa'alaikumus salam, 'yata.

Na karanta har ƙarshe, kuma ba shagwaɓa ba ce. Share hawayenki mu yi magana, don Alhamis ba ta da nisa.

Kafin in ba ki amsa na kira wata likita 'yar uwata da ta bi irin wannan tsari. Ta ce ƙa'idar guda ce: ka jera yadda kake so da gaske, ba yadda kake hasashen za a ɗauke ka ba. Ta ce maganar an riga an yi wa wani alkawarin gurbi kowace shekara ana yinta, kuma kowace shekara sai an sami wanda ya dogara da ita ya tsinci kansa inda bai shirya ba. Don haka abin da kika roƙa ba kyauta ba ne kamar yadda kike gani. Da ya yi miki, Jidda ta ɗauke shi, da kin zauna shekara biyu da mijin da ke dawowa gida yana jin ana ɓata masa lokaci, ke kuma kin san dalili. Da kuma ba ta ɗauke shi ba, me kika samu? Miji mai rubuta abin da ba ya nufi don ki yi shiru. Ba na yi miki fatan irinsa.

Amma shi ma yana da laifi, kuma ba ƙarami ba. Matar mutum ba ta jin inda za ta zauna shekara biyu a bakin taro, tana riƙe da butar shayi. Tambaya ɗaya a tsaitsaye ba shawara ba ce. Kuma likitan da ke duba ƙafar surukarsa ya kamata ya tambayi kansa wa zai riƙa kai ta asibiti in ya ɗauke mata 'ya. Wannan ban haƙuri kike binsa, ki nema kai tsaye.

Naki kuskuren, kin ce duk inda ya zaɓa alhali ba haka ne a ranki ba. Ki ci gaba da karatunki, ni ma ina yi. Sai dai a littafi akwai marubuciya da ta san zuciyar kowa, ita take raɗa wa namijin abin da matar ke so. A gidanki babu ita. In ba ki faɗa ba, bai ji ba, musamman mutum irin mijinki da ke ɗaukar magana yadda aka faɗe ta.

Ki koma Shisha kafin Alhamis, ba bayanta ba. Ki gaya masa abu biyu a fili: ya kunyata ki a gidansu, kuma kina tsoron barin Umma. Sannan ku buɗe jerin tare. Ki tambaye shi mene ne ainihin bambancin Riyad da Dammam wajen koyon aikin hannu. In tazarar kaɗan ce, ku duba wacce ta fi sauƙin zuwa gida, wacce ke ba da hutu mai kyau, wacce ba ta yawan tsare ɗalibi a ƙarshen mako. Ya kira waɗanda ke horo a can yanzu ya tambaye su, su ne ba sa yi wa wuri kwalliya. A nan ne ra'ayinki zai yi aiki na gaske.

Ki kuma daina ɓoye wa Umma. Ta san ba gwiwarta ce ta kawo ki ba, uwa ce. Ku zauna da ita da Nawaf da iyalinsa a tsara wa zai yi me, wane wata za ta zo ta zauna da ku, wane lokaci ke za ki dawo ki zauna da ita, musamman Ramadan da Hajji da yayanki ba ya samun kansa. Rakan ya kasance a zaman, ya ɗauki nasa kason da bakinsa.

In kuwa bayan duk wannan kin ga Umma ba za ta baru ba, to ki roƙe shi Jidda da gaske, ba don ado ba. Ki ce masa kin san abin da zai rasa, kuma duk da haka kina roƙo. Wannan magana ce mai nauyi, yana iya karɓa, yana iya ƙi, amma ita ce ta cancanci ya ajiye cokali ya saurare ki. Ku yi istihara ku biyu kafin ya tura jerin.

Allah Ya ba Umma lafiya, Ya zaɓa muku inda ya fi alheri, Ya sa hannun mijinki ya zama sanadin sauƙi ga masu ciwo, Ya sanyaya miki zuciya. Tashi ki haɗa jakarki, 'yata.

Anti Ruƙayya