Muryar Inna a Cikin Taro

Laraba da dare, Tudun Kaya

Jikina duk ya mutu, amma barci ya ƙi zuwa.

Yau aka ce Iya Hansai mai daddawa mayya ce. Ɗan maƙwabtanmu ne zazzaɓi ya rufe, cikin sambatu ya ambaci sunanta, shi ke nan. Kafin la'asar an cika ƙofar gidanta. Aka jawo ta ko mayafi babu, aka tilasta mata ta tsallake yaron, wai ta saki kurwarsa. Har waɗanda suka sha miyar daddawarta da rana suna cikin masu jifa. Ba wanda ya ce a kai yaron asibiti.

Ba jifan ne ya hana ni barci ba, muryar Inna ce. Ta fi ta kowa tashi: "A kore ta!" Inna fa, wadda tana yarinya aka yi wa mahaifiyarta irin wannan a Jajaye, suka baro garin a ƙafa, ita ke ɗauke da tabarma. Sau nawa ta ba ni labarin tana hawaye?

Bayan isha'i na kai mata tuwo, na ce, "Inna, har da ke?"

Ba ta sa hannu a kwanon ba. Ta ce, "Cewa suke maita gado ce. In na yi shiru, waiwayowa za su yi su tuna 'yar wa ce ni. Daga ni kuma sai wa?"

Na tashi na dawo ɗaki. Tun ɗazu nake tunanin matar da ta fi kowa ihu ranar da aka kori Kaka. Ko ita ma 'yarta take karewa?