Kwamfutar da Ladan Ya Bari

Gwallameji, Bauchi

Yaya Fati,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na fita takaba ranar Juma'a. Kin ce in rufe ɗakin aikin Ladan in dawo gida, amma akwai aikin da ya bari rabi, bidiyon bikin Ugochi, 'yar mai shagon maganin layinmu. Mahaifinta ya rasu bayan bikin, kuma babu inda muryarsa ta rage sai a kwamfutar nan. Ta zo har gida, ta kasa tambaya. Na ce zan ƙarasa, tunda marigayi ya koya mini haɗa hoto.

Na haɗa, amma da na sa kwamfutar ta fitar da fim ɗin sai fankarta ta hau ƙara, allo ya koma shuɗi, ta mutu. Duk sanda ta yi haka tsoro nake ji kada ta tafi da hotunan. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki, Rukayya

Yaya Fati,

Gaisuwa mai yawa da fatan kun tashi lafiya.

Obadiya, abokin Ladan mai gyaran kwamfuta, ya zo. Ya fara kwashe hotunan ya adana a wani wuri, sannan na samu natsuwa. Ya kakkaɓe cikinta, ya gwada ram, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, ya nemi bairos, cutar kwamfuta, ya duba wuta, duk lafiya lau. Aka kunna, ta sake mutuwa.

Sai da ya shiga saitinta na can ciki ya gano matsalar. Ashe Ladan ya ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, gudu fiye da yadda aka ƙera ta, don aiki ya riƙa fita da wuri. A da tana ɗauka, yanzu ga tsufa ga zafin garin nan, aiki mai nauyi kayar da ita yake. Maganin shi ne a mayar da ita yadda ta zo.

Na ce ya dakata. Yaya, na tuna ranar da Ladan ya kira ni daga kicin in ga saurinta, yana murna kamar yaro. An raba kayan sawarsa, babur ɗinsa ma ya tafi. Lambobin gudun nan da ya sa a saitin kaɗai suka rage yadda hannunsa ya bar su. Obadiya bai matsa mini ba, ya nuna mini inda zan danna ya tafi.

Taki, Rukayya

Yaya Fati,

Sallama da fatan alheri. A gaida Inna da jiki.

Jiya bayan azahar na mayar da saitin da hannuna. Na yi kuka, sannan na sa aikin. Kwamfutar ta tafi a hankali, sai dab da magariba ta gama, amma ba ta mutu ba.

Yau Ugochi da mahaifiyarta suka zo muka kalla. Akwai wurin da tsohon yake rawa, muryar Ladan ta fito daga bayan kyamara yana cewa Baba ya juyo. Ladan yanke irin wannan yake yi. Ni na bari. Da muka iso wurin, mahaifiyar ta ce a maimaita, ta kama hannuna, muka sake saurara tare.

Ki gaya wa Inna zan zo in gan ta, amma ba zan rufe ɗakin ba.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki, Rukayya