Ni na ƙera 'yar Kano, maƙwabcina bai sani ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wata biyu ke nan wani abu yana damuna, ko matata na kasa faɗa wa.

Ni sana'ata sassaƙa ƙarfe da inji, shagona yana Gyadi-Gyadi tun shekarar da soja suka miƙa mulki. Injin niƙa ne, famfon ruwa ne, adaidaita sahu ne, duk abin da ya karye aka rasa shi a kasuwa, kawo min karyayyen in auna in fitar maka da sabo. Mu a aikinmu ba a tambayar mutum me zai yi da abu, samfur kawai muke kallo. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ina da ji da kai a kan aikina, in kana so ka gama da ni ka ce min wannan ba mai iya shi a Kano.

Shekara uku da suka wuce yayan matata, bari in kira shi Yaya Sabi'u, ya zo daga ƙauyensu da wani abu naɗe cikin tsumma. Ina gani na gane, gindin bindiga ne, wajen da kunama take zama, na alminiyon, ya tsage. Ya ce ta 'yan sa-kan garinsu ce, ɓarayin shanu sun hana su noma, in taimaka in liƙe musu. Surukata tana garin, 'ya'yana ma can suke zuwa hutu. Da liƙewar na yi na miƙa masa da yanzu da sauƙi, amma sai bakina ya ja min. Na ce masa alminiyon ai kayan tukunya ne, in da ni ne da baƙin ƙarfe zan yi shi, har jikokinsu su gada. Ya kwashe da dariya, wai Bature bai yi da ƙarfe ba sai ni ɗan Gyadi-Gyadi? Wallahi dariyar nan ce ta sa ni aikin, ba tausayin mutanen ƙauye ba, gara in faɗi gaskiya tunda ba ku san ni ba. Kwana tara ina tura ƙofar shago ina yi. Abu ya fito tsaf, sai dai nauyi kamar taɓarya. Ya ɗaga ya ce kai, wannan sai ƙato. Ni kuwa har da washe baki.

A Tarauni nake zaune, katangarmu ɗaya da wani bawan Allah, Malam Haruna direba, shekara goma sha tara muna tare, kwano ɗaya muke ci. Bayan ƙaramar sallah aka tare motarsa a hanya aka shiga daji da su, har da ƙanensa Isa, tela ne, mai mata da 'ya'ya biyu. Malam Haruna ya dawo bayan sati uku, Isa bai dawo ba.

Da ya ɗan ji ƙarfi, wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida yake ba mu labari. Ya ce shi 'yan bindigar suka mayar jakinsu, in za a tashi shi ke ɗaukar musu bindigogi. Akwai guda ɗaya da ta fi sauran nauyi, har yau kafaɗarsa ba ta sake shi ba, 'yar Kano suke ce mata, wai wani gwani ne a Kano ya yi mata gindi da baƙin ƙarfe, ba ta tsagewa. Ya ce da ita aka harbi Isa a gaban idonsa, don ƙafarsa ta kumbura ya kasa tafiya. Kowa yana salati, ni kuwa na ce fitsari nake ji na shige gida.

Na kira Yaya Sabi'u muka yi ta sosai. Da farko cewa ya yi ni kaɗai ne mai inji a Kano? Da na matsa sai ya amsa cewa tun bara aka shigo musu, aka kashe mai riƙe da ita aka tafi da ita. Na ce don me ya ɓoye min shekara guda, ya ce da ya faɗa min me zan yi? Ya ce in na kuskura na buɗe baki ni da shi gidan yari, in bar ƙanwarsa da yara biyar, shi kuma a ƙwace ɗan abin da ya rage wa garinsu. Da na ɗaga masa murya sai ya ce shi fa liƙi ya kawo min, ni na ce ƙarfe. Kuma bai yi ƙarya ba. Da na alminiyon ɗin na liƙe, da tuni ya sake tsagewa an yar.

Abin da ya fi ci min rai, Malam Haruna ba ya iya tuƙi yanzu, kullum shagona yake wuni. Yana zaune a benci yana kallon injin nan yana juyawa, yana ce min duk duniya yanzu ni ne ɗan'uwansa. Tare muke zuwa masallaci, kafaɗa da kafaɗa. Ana idar da salla zai ɗaga hannu ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya harba da wanda ya ƙera, sannan ya juyo ya ce, "Maƙwabci, sa min baki." Ni kuma in ce amin. Sau biyar a rana.

Na yi istigfari, ina kai wa marayun Isa abin da ya samu, amma ba na jin sauƙi, kunya da tsoro sun cika ni. 'Yan uwa in faɗa masa ne in nemi gafararsa, ko da zai kai ni hukuma yarana su tagayyara? Ko in yi shiru in bar shi da ɗan'uwan da yake ganin ya rage masa? Malaman da ke cikinmu ku faɗa min tsakani da Allah, jinin Isa yana wuyana? Don Allah ku amsa min da wuri, yanzu haka yana bakin shago yana alwala, jirana yake mu tafi azahar.