An Tuge Ɓauren Maƙabartarmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ƙanena Miludi a Torino.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Galiya da yara, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar da sanyin can ya ɗora maka. Liman Si Rahal ne yake rubutawa ina faɗa, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Ya ce in kira ka a waya mana, na ce maganar waya iska ce, wannan kuwa so nake ka riƙe ta a hannu. Mutanen gida lafiya. Sha'ir bai yi ba bana ma, ruwa ya zo a makare ya ɗauke da wuri. 'Yata Mbarka ta sami jika namiji, an sa masa sunan baba. Ni dai ido ne yake ta ja da baya, amma ƙafa tana nan.

Ka san jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya da yake tashi daga Tanja zuwa Kazablanka. Yanzu ana jan hanyarsa zuwa Marrakesh, wasu na cewa wata rana har Agadir. Samari sai murna, wai mutum zai karya kumallo a bakin teku ya ci kuskus ɗin rana a Marrakesh. Na ce musu a nan ba zai tsaya ba, iskarsa kawai za mu sha. Ɗan Jilali, marar kunyar nan, ya ce ai ni ko jaki na hau sai na ce ya cika sauri. Aka yi dariya, har da ni, domin a lokacin ban san ta ina aka zana hanyar ba. Ta tsakiyar maƙabartarmu ce, Miludi. Injiniyan da aka turo mana mutum ne mai ladabi, ya sha shayinmu, ya ce irin wannan jirgi ba ya yin kwana kamar mota, dole hanyarsa ta miƙe sak. Na ce wato matattu ne za su yi masa kwanar? Ya sunkuyar da kai. Aka yanke cewa za a tone kowa a kai sabon fili bayan rijiya. Wanda danginsa suka nuna, a binne shi da sunansa. Wanda ba a nuna ba, a sa shi a layin baya.

To ka san iyayenmu ba sa rubuta suna a kabari. Duwatsu biyu, shi ke nan, wai rubutu alfahari ne. Sunayen a cikin kan mutum ɗaya ake ajiye su, daga kaka zuwa baba, daga baba zuwa ni. Yadda ya koya mini, ka jingina bayanka da gindin ɓaure, ka fuskanci gabas, ka bi su maƙwabci bayan maƙwabci, wane kusa da wane, wance a ƙafafun wane. Duk ranar Ashura haka nake jan mutane, kowa da tulun ruwansa na zubawa a kabari da busasshen ɓaurensa na sadaka, ban taɓa kai wani wurin da ba nasa ba. Saboda haka na rantse ba zan nuna kabari ko ɗaya ba, ina ganin in babu ni ba mai iya tonawa. Mai unguwa ya yi ta zarya, har ya kira ni tsohon bijimi, na ce bijimin dai shi ya binne ubansa. Ina zaune a gida ina jira su gaji, sai 'yan kwangila suka kawo katafila don buɗe wa manyan motoci hanya. Suka tuge ɓauren, suka share shinge, bakin ƙarfen ya tattara duwatsun kaburburan gangare duka ya tara su wuri guda. Kada ka ce laifina ne. Mbarka ta riga ka faɗa, na kore ta daga ɗakina.

Da na je na tsaya a wurin, sai na zama baƙo. Ashe hanyar na haddace, kuma an ɗauke mafarinta. Dawiya, matar marigayi Larbi, ta kama hannun rigata ta ce in kai ta wurin mijinta. Na juya gabas, na juya yamma, sannan na ce mata ban sani ba. Tun da baba ya rasu wannan magana ba ta taɓa fita daga bakina a maƙabarta ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta zuba ruwanta a inda take tsaye ta koma gida.

Kaburburan kan tudu, inda duwatsu suka tsira, na gano mafi yawansu, na kuma nuna, rantsuwar kuwa na yi mata kaffara. Amma inna a gangare take. Tudun ƙasa biyu ne suka rage gefe da gefe, ɗaya nata, ɗaya na Hadda mai kaɗin ulu, matar nan da ta zo daga kudu ba ta da kowa, ta rasu a hunturun da inna ta rasu. Na ce wa malamin ofishin da ke ɗaukar sunaye ya rubuta duka biyun uwata ce. Ya ce Allah bai ba kowa uwa biyu ba, rami ɗaya suna ɗaya. Liman ya ce Allah ya san bayinsa. Na ce na san ya sani, amma ni aka ba amanar.

Ga abin da ya sa na aiko. Ni da kai muka shiga rami muka kwantar da ita, kuma duk sauran da suka tsaya a kanmu ranar sun riga mu. Ka zauna ka tuna. Da ka fito, akwai sabon kabari tsakaninmu da ɓauren, ko kuwa inna ce ta fi kusa da shi? Ni na tambayi kaina har ya fara ba ni amsa biyu. Bayan babbar salla za a fara tono. Ba na sa rai sosai, domin na tuna kuka kake yi, ba ka kallon komai. In ka tuna, ka rubuto. In ba ka tuna ba, kada ka ƙirƙira don ka sanyaya mini rai, ba zan ɗora sunan inna a kan wata ba. Sai dai su tafi layin baya tare, ita da Hadda. Na riga na gaya wa yara, in tawa ta zo a sa ni can tsakaninsu, ba suna. Ko dama ko hagu, ɗaya daga cikinsu ita ce.

Ka gaida Galiya, da Abdelkabir da matarsa, da ƙaramar nan Sumayya da ban taɓa gani ba. Mbarka tana gaishe ka, ko da yake ni ba ta yi mini magana. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Kabbur ɗan Bushayib