Fitila Hamsin da Biyu a Kan Katangar Kishori

Talata, 11 ga Oktoba
Saura kwana goma sha uku bikin fitilu. Likita ya ce kada in ƙara hawa saman soro, wai zuciyata ba za ta ɗauka ba. Na ce masa to. Matakala goma sha tara ne kawai, ni na sa aka gina su.

Alhamis, 13 ga Oktoba
Na fito da fitilun kasko daga ƙarƙashin gado. Hamsin da biyu, babu wadda ta fashe. Tun da matata Surjit ta rasu ba wanda ya taɓa kwandon sai ni.
Shekara arba'in da shida ina jera su a kan katangar da ta raba soronmu da na maƙwabcina Kishori Lal. Shi Hindu ne, yana kunna nasa don bikinsu na Diwali, don Lakshmi, allahiyarsu ta wadata, ta ga hanya ta shigo masa da arziki. Ni kuwa addinin Sikh nake bi, nawa na ranar da Guru, jagoran addininmu, ya fito daga kurkuku ne. Rana ɗaya, dalili biyu. Shi ya sa na ja layi da ƙusa a tsakiyar katangar tun shekarar farko. Duk shekara in sabunta shi, duk shekara ya yi mini dariya: "Masta-ji, ka koyar da yara karatu, amma Lakshmi ba ta iya karanta layinka ba." In ce masa in ta tsallako za ta tarar da ƙofa a rufe. Sai ya miƙo mini alawa.
Ya rasu watan Afrilu.

Juma'a, 14 ga Oktoba
Fitila biyar a aljihun riga, sanda a hannu. Na huta sau uku. Na kai su sama.

Lahadi, 16 ga Oktoba
Bayan ibada a gurdwara, ɗakin ibadarmu, Balkar na kwamiti ya tare ni ina neman takalmina. Yaron da na koya wa ninkawa da rabawa, yanzu gemunsa ya fara furfura. Ya ce, "Baba-ji, bana a nan za mu kunna gaba ɗaya. A daina cakuɗa namu da nasu, 'ya'yanmu har sun fara cewa Diwali suke yi." Na ce masa ni ban taɓa cakuɗawa ba, ya je ya duba katangata. Ya ce, "Da wannan ƙafar?" Na ce ƙafar ta girmi ubansa.
Bai yi ƙarya ba dai. Mu kaɗan ne, in ba mu riƙe sunanmu ba wa zai riƙe mana? Abin da na yi ta faɗa wa Kishori ke nan.

Talata, 18 ga Oktoba
Ashirin da biyar a sama. Ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa.

Laraba, 19 ga Oktoba
Ban hau ba. Na zauna murza lagwani, audugar ta ƙi ni. Surjit ce mai yi, tana hira tana murzawa ba ta ko kallo. Awa guda, lagwani huɗu, su ma kamar tsutsa.
Kaushalya, matar Kishori, ta kawo mini gurasa da miyar wake ta same ni a haka. Na tambaye ta shirin biki. Ta ce, "Wane biki? Gidan da aka yi mutuwa ba ya kunna wuta shekarar farko, ka manta?" Na manta. Wato gefensa duhu zai kasance, daga layin har kusurwa.
Ta kwashe audugar. Na ce, "Bhabi, matar ɗan'uwana, ba kya cikin makoki?" Ta ce, "Kunnawa aka hana ni, tsoho, ba murzawa ba."

Juma'a, 21 ga Oktoba
Ɗana Jaspal ya kira daga Kanada. Ya ce zai sa a kawo mini fitilu masu lantarki, a rataya a ƙofa. Na ce ya rataya su a hancinsa. Ya yi dariya, ni ma. Minti huɗu.
Arba'in a sama.

Asabar, 22 ga Oktoba
Duka sun hau, har kwalbar mai. A matakala ta goma sha biyu na zauna na daɗe, rawanina ya jiƙe sharkaf. Zaune nake ina tuna yadda nake ba 'yan aji labarin. An ce wa Guru ya fita, ya ce ba zai fita ba sai da sarakuna hamsin da biyu da aka tsare tare da shi. Aka ce sai wanda ya iya riƙe rigarsa. Ya sa aka ɗinka riga mai tuntu hamsin da biyu, kowa ya kama ɗaya. Shekara talatin ina faɗin wannan. Sarakunan nan Hindu ne. Na sani, ina ma rubuta shi a allo.
Ƙusar tana aljihuna. Na gaji, ban ja layin ba. Litinin.

Litinin, 24 ga Oktoba
Na hau tun la'asar don kada in yi gaggawa. Lagwani hamsin da biyu cif, Kaushalya ta ƙirga. Na zuba mai, na jera, na jira rana ta faɗi. Garin duk ya kama da haske, har can bakin gonaki, yara suna ta fasa abin tartsatsi. Soron Kishori kaɗai baƙi ƙirin. Kujerarsa na nan inda ya bar ta.
Na kunna duka da hannuna. Ban faɗi ba. A gaya wa likita.

Talata, 25 ga Oktoba
Balkar ya biyo da safe, ya tsaya a titi yana ɗaga kai. "Baba-ji, ina layin da ka ce in zo in gani? Na hango su har kusurwar gidan Lal." Na ce iska ta yi yawa a gefena, na matsar da wasu. Ya ce jiya ko ganye bai motsa ba. Na ce yana ƙasa, ni ina sama.
Ashirin da shida ne suka tsallaka. Don Guru na kunna su, kowace ɗaya, wannan ban canja ba kuma ba zan canja ba. Wanda ya ga hanya da haskensu, ruwansa.
Na ji motsin Kaushalya jiya a tsakar gidanta, ba ta shiga ɗaki ba sai da fitilar ƙarshe ta mutu. Yau ta aiko da shayi mai citta, ya yi zaƙi da yawa, irin na Kishori.
Mai ya zuba a kan layin, ba a ganinsa sosai. Ƙusar kuma ban san inda na ajiye ta ba. Ban duba aljihu ba tukuna.