Zanen Baba a Bangon Zaure

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin maigidan? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Haɗeja lafiya, sai kewarki.

Gyaran gidan marigayi Baba ya kusa ƙarewa, dillalai har sun fara leƙowa. Jiya magini ya iso bangon zaure, inda Baba yake zana iyakar ruwa da ƙusa duk shekarar ambaliya. Ya ce a shafe da siminti, kada mai saye ya gani ya tsorata. Yaya, na yi shiru, ya shafe. Yau bangon sumul, kamar Baba bai taɓa zama a gidan ba.

Ki yi mini addu'a in iya faɗa wa mai saye gaskiya, don ruwa bai manta hanya ba. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Sale